Lita Ɗaya Tak: Baƙin Mai da Baburan Hanyar Kulungugu

Duk ɗan Gana da ya yi karatun tarihi ya san sunan Kulungugu, ko da bai taɓa taka arewacin ƙasar ba. A wannan ɗan ƙaramin gari na kan iyaka ne aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah bam a farkon watan Agustan 1962, yana kan hanyar dawowa daga Tenkodogo inda ya gana da Maurice Yaméogo, shugaban ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Nkrumah ya tsira da raunuka, amma siyasar Gana ba ta sake komawa yadda take ba. Wanda ya je garin yanzu kuwa, ba tarihi ne zai fara tarbarsa ba. Ƙarar babura ce. Wasu sun nufi Bitu ta tsallaken iyaka, wasu sun ɗauko buhunan albasa da masara za su Bawku, wasu kuma sun fito daga wajen Sankase, kasuwar da ke bakin iyakar Togo da Burkina, wadda ta yi suna wajen cinikin sababbin babura.

A Kulungugu ne babbar hanyar gabashin Gana, wadda ake wa lamba N2, take ƙarewa. Ta taso tun daga Tema a bakin teku, ta ratsa Hohoe da Nkwanta da Bimbila da Yendi, ta gangaro tsaunin Nakpanduri, ta biyo ta Bawku, tafiyar fiye da kilomita 600. Tun kafin a yi tunanin zuba kwalta a yankin, fataken Kano da Katsina suna bi ta Yendi su sauka Salaga sayen goro, Mosawa kuma suna gangarowa daga arewa da shanu da jakai. Zangunan da suka kafa suna nan, Hausa kuma ita ce harshen ciniki a yawancinsu. Abin hawa ne ya sauya. Jaki idan ya ji yunwa ko ƙishi yakan tirje, mai shi ya gane. Babur ba ya tirjewa: yana nan yana gudu lafiya lau har zuwa daƙiƙar da injinsa zai buga. Yawancin ƙananan baburan da ake hawa a nan ba su da fitilar da ke gargaɗin cewa baƙin mai ya yi ƙasa. Abin da suke da shi kawai shi ne ɗan tsinken roba da ke manne da murfin da ake zuba man, wato geji, da kuma idon mai babur.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a babur shi ne ƙarancin man. Ƙaramar mota takan sha lita huɗu ko kusa da haka. Babur mai siisii 125 ko 150, irin su Haojue da Apsonic da Royal da Boxer da suka cika tashoshin Bawku da Yendi, lita ɗaya ce ko ƙasa da ita kaɗan. Ƙananan nan masu siisii 110 da mata suka fi so, waɗanda ake wa laƙabi da Mapuka, ba su ma kai lita ba. Saboda haka idan mota ta ƙone rabin lita, ta rasa kashi ɗaya cikin takwas ne na manta. Babur kuwa idan ya ƙone rabin lita, rabin abin da yake rayuwa da shi ya tafi.

Kuma wannan lita ɗayar aikin mutum huɗu take yi. Tana shiga tsakanin fistin da bangon bulo don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Tana wanke dattin da ƙonewar fetur ke bari. Tana jiƙa haƙoran giya da faifan kuloci, domin a irin waɗannan babura inji da giya da kuloci duk cikin kwano ɗaya suke wanka, saɓanin mota da inji da giya kowanne ke da nasa. Sannan tana kwashe zafi, wanda shi ne aikin da mutane suka fi mantawa da shi. Injin babur ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi ta waɗannan ɓaraguzan ƙarfe da ke jikin bulo, baƙin mai kuma yana ɗebo zafin daga can ciki inda iska ba ta kaiwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bawku kan kai digiri 40 har ya wuce, iskar da ake fatan ta sanyaya injin ita kanta da zafinta take zuwa. Idan aka haɗa da buhu uku a baya da hawan tsaunin Nakpanduri a giya ta biyu, inji yana kuka, babur yana rarrafe, iska ba ta bugunsa sosai, to ragowar nauyin duk a kan man yake. Man da ya ragu ya fi saurin yin zafi, man da ya yi zafi ya fi saurin tsinkewa, wanda ya tsinke kuma ya fi saurin sulalewa ta gefen ringi ya ƙone. Haka abin yake ta cin kansa.

Masu ƙera babura sun daɗe da sanin halin masu hawa. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura ma'aikatansa biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, suka zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Iran da Pakistan don su gano abin da ya sa baburansu ke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya ba abin mamaki ba ne, matatar iska ta toshe da ƙura har ta daskare, baƙin mai kuma ana barinsa sai ya yi kauri ya koma kamar kwalta, ba a kai babur wurin gyara sai ya tsaya cik. Maimakon su zauna jiran mutane su sauya hali, sai suka ƙera injin da zai jure sakaci. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Sun sauko da sandar da ke buɗe bawul zuwa ƙasan inji, kusa da inda mai yake kwance, don kada ta bushe. Injuna da yawa na baburan Sin da ake sayarwa yau a Afirka ta Yamma, har da na kekunan ɗaukar kaya da ake kira motokin a arewacin Gana, jikokin wannan inji ne. Sai dai ko shi, an yi shi ne ya jure tsohon mai. Ba a taɓa ƙera injin da zai jure rashin mai ba. Waɗanda sandar bawul ɗinsu ke can saman kai kuwa, irin Mapuka, su ne farkon shan wahala idan famfon mai ya fara zuƙo iska.

A nan ne ake samun ruɗani, domin mafi yawan masu babur ba su raina baƙin mai ba. Suna yin juye, wasu ma a kai a kai fiye da yadda littafin babur ya nema. Abin da ba sa yi shi ne dubawa tsakanin wannan juye da na gaba. A zatonsu, tun da fita, wato mai gyaran babur, ya zuba lita ɗaya ya ɗaure murfi, litar tana nan sai ranar da za a sake kwance ta. Sabon inji ma yana ɗan shan mai, balle wanda ya yi shekara uku yana zirga-zirga tsakanin Pusiga da Garu. Fitocin bakin hanya sun saba da wannan: a kawo babur a bayan motokin, a kwance kusoshin juye, abin da zai zubo bai cika kofin shayi ba, mai shi kuwa yana rantsuwa cewa bai yi wata guda da yin juye ba. Kuma gaskiya yake faɗa.

Duban kansa ba ya cin lokaci mai yawa, amma yana da ƙa'idojin da idan aka saɓa ɗaya, gejin zai yi ƙarya. Na farko wuri. A nemi ƙasa mai daidaito, ba gangaren bakin kwata ba, ba kuma rairayin da ƙafar babur za ta nutse a gefe ɗaya ba. Sai a ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya miƙe sak. Wanda nasa ba shi da ita, ko ta karye kamar yadda takan faru da baburan ɗaukar kaya, ya sa wani ya riƙe masa shi a tsaye.

Wannan maganar ƙafa ita ce kuskuren da ya fi yawa. Ƙafar gefe tana hagu, geji kuma a yawancin baburan nan yana dama. Idan babur ya jingina hagu, man sai ya kwarara can, ya gudu daga tsinken. Mutum ya zaro geji ya gan shi kusan a bushe, hankalinsa ya tashi, ya sayi rabin lita ya antaya, alhali man bai ragu ba ko kaɗan.

Na biyu lokaci. Littattafan yawancin baburan suna cewa a tada inji ya yi minti uku zuwa biyar yana aiki a tsaye, a kashe, a jira minti biyu ko uku man da ya hau sama ya sauko, sannan a auna. Wanda ya iso daga doguwar tafiya ya kashe babur ya zaro geji nan take zai ga ƙasa da abin da ke ciki, ga kuma haɗarin ƙuna, don salansa tana nan kusa da hannu. Dubawa da sassafe kafin a tada inji ma tana ba da amsa mai amfani, tun da duk man ya kwana a ƙasa, kuma ita ce ta fi sauƙin zama al'ada. Abin da ake so shi ne mutum ya riƙe hanya ɗaya, don ya iya kwatanta na yau da na makon jiya.

Kafin a kwance murfin, a share kewayensa. A cikin hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari kuma ƙurar hanya ta manne da duk inda maiƙo yake, ƙasar da ke bakin murfin nan za ta faɗa cikin inji kai tsaye, kuma yawancin waɗannan babura ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, sai ɗan rariyar ƙarfe da wani kwano mai juyawa da ke tara datti. Sai a zaro gejin, a goge shi da tsumma mai tsabta, a mayar. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe. A injunan zuriyar Honda, ɗora gejin ake yi a bakin ramin kawai, ba a murɗa shi ciki. Idan aka murɗa, tsinken zai ƙara nutsewa da tsawon zaren murfin, ya nuna mai ya fi yadda yake, mutum ya tafi da kwanciyar hankalin banza. Akwai 'yan kamfanonin da suke cewa a murɗa, shi ya sa ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur, wanda galibi ake jefarwa tare da kwalin, ya cancanci a adana shi. A jikin tsinken akwai alama biyu, ko wani yanki mai zane-zane. Man ya tsaya tsakaninsu, ya fi kusa da ta sama. Wasu baburan ba su da tsinke, sai ɗan gilashi zagayayye a ƙasan inji da layi biyu a gefensa. Ƙa'idar ɗaya ce: babur a miƙe, ƙasa daidai, mai dubawa ya durƙusa idonsa ya yi saiti da gilashin.

Idan ya yi ƙasa, a ƙara kaɗan kaɗan, ana jira ana sake aunawa. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ba ta da yawa, sau da yawa ba ta kai kwatan lita ba. Cikawa fiye da kima ba alheri ba ne. Karanshaf zai riƙa dukan man yana mai da shi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Rarar takan bi tiyon numfashin inji ta jiƙa matatar iska, ta ɓata fulogi, ta tura robobin da ke tare mai har su fara yoyo.

Tsinken nan ba yawa kaɗai yake faɗa ba. Baƙi kawai ba laifi ba ne, mai yana yin duhu ne saboda yana kwashe datti. Amma idan aka murza ɗigo tsakanin yatsu aka ji tsakuwa-tsakuwa, ƙura tana shiga, sai a duba matatar iska. Idan a rana aka ga yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, wani abu yana cinyewa a ciki. Idan ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan ciwon damina ne, musamman a hanyoyin ƙauyukan Salaga da Yendi inda ake kutsa rafi da babur a watannin Agusta da Satumba, ko da yake masu wankin babur da injin feshi ma suna jawo shi ko da rani. A motokin mai lagireto, farin mai na iya nufin gasket ɗin kan inji ya ƙone. Mafi yaudara duka shi ne man da ke ƙaruwa da kansa. Babu injin da ke haihuwar mai. Idan geji ya haura kuma man yana warin fetur, ya yi ruwa-ruwa, to kafireta ce ke yoyo cikin dare fetur yana gangarawa ƙasa, galibi saboda an bar makullin tanki a buɗe. Irin wannan man ba a ƙara masa, zubar da shi ake yi. Shuɗin hayaƙi a salansa kuwa shaida ce cewa ringi ko robar bawul sun gaji, kuma mai irin wannan babur ba shi da zaɓi sai duba geji kullum har ya samu kuɗin gyara.

A Bawku akwai dalili na musamman da ya sa wannan ilimi bai kamata ya tsaya a rumfar fita ba. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa hukumomin tsaro, a lokuta daban-daban, sun hana maza hawa babur a cikin gari, saboda maharan da ke amfani da shi su tsere. A irin waɗannan lokuta mata ne suka ɗauki kan babur: kai yara makaranta, kai mara lafiya asibiti, ɗauko kaya daga kasuwa. Dama a arewacin Gana mace a kan babur ba baƙon abu ba ne, ko a Tamale ko a Bolga. Amma a gidaje da yawa an bar duba inji a matsayin aikin namiji, sai ya zama wadda ke hawa ba ta dubawa, wanda ya iya dubawa ba ya hawa. Ga dokar hana fita da dare, ga unguwannin da ba kowa ke iya shiga ba ko da fitansa yana can. Babur ɗin da ya fi kowanne buƙatar a riƙa duba shi, wato ƙaramin nan mai ɗan mai, shi ne ya faɗa wannan tsakiya.

Game da irin man da za a ƙara, abu biyu ake karantawa a jikin gora. Na farko kauri, kuma 20W-50 ne ya fi yawa a kasuwannin yankin saboda zafi, ko da yake wasu sababbin babura suna neman wanda ya fi shi tsinkewa. Na biyu alamar JASO MA ko MA2, ma'aunin da Japan ta fara fito da shi a 1998 don man da zai yi aiki da kulocin da ke cikin mai. Wasu man mota na zamani suna da sinadarin rage gogayya wanda ke sa kulocin babur santsi: inji yana ihu, babur ba ya ja. Gidajen mai irin su GOIL da TotalEnergies da Shell suna sayar da na babur a rufe cikin gorar lita ɗaya. Sai dai a ƙauye, da ma bakin iyaka inda sidi da sefa ke cuɗanya, mai yakan zo ta hanyoyi da yawa, har da wanda ake aunawa da kwalba daga durom, wanda ba mai iya cewa daga ina ya fito. Na jabu ma yana yawo cikin tsofaffin gorunan kamfanoni, shi ya sa mai hankali yake duba hatimin murfi, kuma idan ya juye man ya huda gorar kafin ya yar. Duk da haka, wanda ya tsinci kansa tsakanin Gushegu da Nakpanduri da geji a bushe, kada ya tsaya neman suna. Kowane man inji mai tsabta ya fi babu, in ya isa gari ya yi juye.

Littattafan babura suna ƙidaya juye da kilomita, suna kuma cewa a gajarta idan hanya mai ƙura ce. Matsalar ita ce agogon kilomita na baburan haya da na kaya yakan mutu tun a shekarar farko, ba kuma wanda ke gyara shi. Sai mutane suka koma ƙidaya da kwanaki. Kasuwar Bawku tana ci duk bayan kwana uku, kuma ga mai ɗaukar kaya babu ma'aunin duba geji da ya fi wannan sauƙi: duk safiyar kasuwa, kafin a ɗaura buhun farko. Mai zuwa ofis ko makaranta a cikin gari, sau ɗaya a mako ya ishe shi, sai kuma duk ranar da zai kama doguwar hanya.

Saura tsohon man da aka juye. A rumfunan gyara da yawa ƙasa ce ke shanye shi, shi ya sa ake gane wurin fita da baƙin dandali tun daga nesa. Wasu na saye su shafa wa katakon rufi don gara, wasu har kan gyambon dabba suke zubawa, abin da likitocin dabbobi ke hanawa, domin man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da guba mai cutar da fata. A gari kamar Salaga, da ya yi suna da ɗimbin tsofaffin rijiyoyi tun zamanin fatake, wasu kuma har yanzu ana ɗiban ruwa a cikinsu, abin da aka zubar a ƙasa da rani yana iya bin ruwan damina ya gangara inda ake sha. Fitocin da suka waye suna tara shi a jarka mai murfi, su sayar wa masu injin yankan katako da ke shafa wa sarƙa, ko masu buga bulo da ke shafa wa ma'auninsu don kada siminti ya kama.